Isyaku mai jan roba

Kusan duk sati sai wani saurayi ya shigo rumfata da waya a hannu, ya nuna mini hoton kujerar kushin, ya ce yana so ya koyi aikin, wai wata uku sun ishe shi. Nakan miƙa masa guduma in nuna masa tsohuwar kujera, in ce ya kwance ta, ya zare ƙusoshin ba tare da ya tsaga katako ba. Yawanci kafin la'asar sai wayarsa ta yi ƙara, wai ana nemansa a gida da gaggawa, daga nan ba na sake jin ɗuriyarsa. Ba na ganin laifinku, samari. Abin da ido ke gani a jikin kujera yadi ne mai sheƙi, alhali yadi shi ne ƙarshen aiki, kuma shi ne mafi sauƙi.

Ƙarƙashin yadi akwai soso, ƙarƙashin soso akwai buhu, ƙarƙashin buhu kuma akwai roba. Daga tsohuwar tayar mota ake yanko ta, faɗin yatsa uku, a buga kanta da ƙusa a jikin firam, wato katakon kujerar, a ja ta zuwa ɗaya ɓangaren a sake bugawa, a saƙa ta kamar tabarma. Ita ke ɗaukar nauyin mutum. In ka ja ɗaya ta fi 'yar uwarta tauri, ranar ba za a gane ba, amma kafin shekara kujerar ta karkace, mai gida ya riƙa zama kamar wanda haƙarƙari ke damu. Shekara shida na yi a hannun maigidana a Sabon Garin Zariya. Shekarar farko miƙe tsofaffin ƙusoshi kawai nake yi a kan dutse, ta biyu aka bar ni na taɓa roba, almakashi kuwa sai a ta huɗu. Mutumin ba ya yabo. In ya zauna a kan aikinka ya tashi bai ce komai ba, to ka ci jarrabawa.

Na zo Abuja bayan an dawo mulkin farar hula, lokacin da ko ina ka waiga gini ake yi. Duk wanda ya samu kujerar mulki sai ya nemi ta falo, wani ma falonsa biyu. Na kafa rumfar kwano a Mpape, gindin dutse, don can ne haya ba ta yanka wuya. Mu uku ne. Emeka yana haɗa firam, Tanimu yana kan keken ɗinki, ni ina yanka ina rufewa. Kwastomomin lokacin ba sa zuwa da awo, da hassada suke zuwa. Madam za ta ce irin ta maƙwabciyarta take so, amma tata ta fi girma. Sai mun kai kaya a tarar ba sa shiga ƙofa, a ce laifinmu ne. Duk da haka an ci an sha, Alhamdulillahi, har muna mayar da aiki saboda yawa.

A cikin wannan yalwar ne Ladi, wata mai koko da ƙosai a bakin hanyarmu, ta kawo mini ƙanenta Isyaku. Ya kai shekara talatin, ƙaƙƙarfa ne, kafaɗunsa kamar na mai dako. Ta ce ba taɓin hankali gare shi ba, kansa ne ba ya ɗaukar abu da sauri, kuma haka aka haife shi. Boko ta gagare shi, allo ma iyakarsa 'yan surorin salla. Yana wanka, yana wanki, yana sallarsa a kan lokaci, amma in ka ba shi saƙo uku na farkon kaɗai zai isar. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne duk abin da aka gaya masa gaskiya ne a wurinsa, kuma bakinsa bai iya cewa a'a ba. Na ce ta bar shi mu gani, ko shara ce ya yi mana.

Sharar kwana tara ya yi. Rana ta goma Emeka ya ji ciwo a yatsa, na rasa mai riƙe mini roba, na kira Isyaku. Na nuna masa sau ɗaya bai gane ba, sau biyar bai gane ba. Na kusa cewa ya koma ga tsintsiyarsa, sai na kama hannunsa na ja tare da shi, ya ji taurin a jikinsa. Shi ke nan. Tun daga ranar, yadda ya ja ta farko haka zai ja ta ɗari, ba ƙari ba ragi. Tef ba ya karantuwa a wurinsa, don haka na yanka masa sanduna uku na shafa musu fenti: ja na kujerar mutum ɗaya, kore na mutum biyu, baƙi na doguwa. Mu masu wayo mukan gaji mu yi ha'inci a inda ido ba ya kaiwa. Shi bai san ana yin haka ba. Shekara huɗu ba a dawo mana da kujera ko ɗaya ba saboda zama.

Kuskure biyu na yi a kan mutumin nan, kuma duka biyun ina ganin alheri nake yi masa.

Na farko gam ne, wanda ake manna soso da shi, wanda 'yan gari ke kira sholisho. Ba mai son wannan aikin, don warinsa na hawa kai. Mun keɓe masa lungu a cikin rumfa, muka rufe da kwano don kada ƙura ta manne a jikin soso. Na ga aiki ne da ba ya buƙatar awo, na ga kuma Isyaku ba ya gunaguni, sai na ɗora masa. Kullum bayan ya gama roba sai ya shiga lungun nan da gwangwani, ya fito idanu jajur yana murmushi. Mu kuwa muna cewa Isyaku akwai haƙuri.

Na biyu abinci ne. A rumfa irin tamu tire ɗaya ake ci, maigida da ma'aikata, in an idar da azahar. Isyaku yana ci a hankali, sai ya tauna ya haɗiye ya huta, su Emeka da Tanimu kuwa hannunsu kamar shebur. Na lura kullum da yunwa yake tashi. Ga Tanimu da tsokana, ya tambaye shi bakwai a tara da takwas nawa ne, a yi ta dariya yana taya mu. Sai na ce wa mai abinci ta riƙa zuba masa nasa a kwano daban, har da ƙarin nama. Ban yi masa bayani ba, don ban ga abin bayani ba. Na manta cewa a wurinmu wanda aka ware wa kwano ko baƙo ne ko mai cutar da ake gudu. Ya karɓa ya ce ya gode, ya zagaya bayan rumfa. Ni a zatona inuwa ya bi.

Bayan rumfar akwai wata bishiyar mangwaro inda wasu masu fasa dutse ke hutawa da rana. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak, amma akwai huɗu ko biyar da ba sa rabuwa da kwalbar lemo wadda ba lemo ba ne a ciki. Duk wannan daga baya na sani.

Aikin da ya tona asiri saiti ne na wata Madam a Maitama, mai zaman mutum bakwai, yadi ruwan zuma. Mun kai ranar Alhamis, ranar Asabar a-kori-kura ta dawo mana da doguwar. Mijinta ya zauna ya nutse gefe guda a gaban baƙi. Ta wanke ni tas a waya, da Turanci da Hausarta ta Abuja, ta ce ita ba ta taɓa ganin kafinta marar kunya irina ba. Na farke ƙasan kujerar da hannuna. Wata robar kamar tsirkiyar baka, wata kamar lagwani, ƙusoshi uku ma a iska aka buga su. Na kira Isyaku. Da ya matso na ji warin bakinsa, na sa hannu a aljihunsa na zaro ƙullin leda da gam a ciki, da wasu ƙwayoyi guda biyu a takarda.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na faɗi maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Na ce ya fita mini daga rumfa. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Oga, gobe in zo da safe?" Na ce kada in sake ganin ƙafarsa. Washegari da na zo buɗe rumfa na hango shi a tsallaken titi, tsaye, da sandunansa uku a hannu. Kwana uku yana zuwa yana tsayawa har azahar, ni kuma ina yi kamar ban gan shi ba. A na huɗu bai zo ba.

Ba a yi wata biyu ba aka zo aka shafa wa layinmu jan fenti. Shekarar rusau ke nan, wadda duk mai sana'a a garin nan yana da labarinta. Katafila ta zo da safe, muka tsira da keken ɗinki da akwatin kayan aiki, katako da soso kuwa aka bi ta kansu. Wata bakwai ina yawo gida gida da guduma a jaka ina gyaran tsofaffin kujeru. Emeka ya koma aikin rufin gini, Tanimu ya koma ɗinkin labule. A cikin watannin nan na bi ta Mpape wata rana da la'asar, na ga taro a gindin mangwaron nan ana tafi. Isyaku ne a tsakiya yana rawa, ba riga, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ana masa kirari da sunan da suka laƙa masa, Injiniya ƙara juyawa. Ya gan ni ya daina, ya rusuna ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Na amsa na wuce da sauri, kunya ta hana ni tsayawa.

Da Allah ya kawo sauƙi na samu wuri a wajen Idu, kusa da masu sito, na tara mutanena muka sake kafa rumfa. Aiki ya dawo, amma roba ta zame mana matsala. Na gwada mutum biyu, kowanne kujerar farko lafiya, ta biyar sai a hankali. Ana cikin haka Ladi ta zo, ta sha hanya mota biyu, ta zo da shi. Ta durƙusa ta ce ba don halinsa ba, don Allah. Ta ce tun da na kore shi ba ya da inda zai je da safe, kuma mutumin da ba shi da wurin zuwa duk wanda ya kira shi zai bi. In ban karɓe shi ba za ta mayar da shi ƙauye a ɗaure shi a gidan mari, don ta rasa yadda za ta yi.

Na zaunar da shi a kan wani firam, na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko, wato me ya kai shi wurin mutanen gindin mangwaro.

"Su suna matsawa in zauna," in ji shi.

Na ce to, don sun matsa maka sai ka sha abin da suke sha?

"Sun miƙo mini. In an miƙo maka abu ai karɓa ake yi. Kuma in na sha, ko ana dariya ba na ji a nan." Ya dafa ƙirjinsa.

Na tambaye shi gam fa, wa ya ce ya ɗiba. Ya ce su suka roƙa, kuma in ya kai musu suna ce masa sun gode, har suna tafa masa. Shi kansa tun kafin su ya saba da warin, in bai shaƙa ba kansa ke ciwo. Ya ce bai san abin maye ne ba, tunda ni na ba shi. Daga nan sai ya tambaye ni laifin da ya yi aka fitar da shi daga tire, wai ya daɗe yana so ya ba da haƙuri amma bai san na mene ne ba. Tanimu yana kan keke ya tsayar da ƙafarsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma daddawar nan ni na ajiye ta.

Muka kai shi asibiti a Gwagwalada, ni da Ladi. Wata likita ta duba shi, ta ba shi magani na 'yan makonni, sannan ta ce ni take so ta gani. Ta ce irin su Isyaku ba don sun fi kowa son maye suke faɗawa ba. Kaɗaici ne, da son a ce su ma mutane ne, da rashin gane wanda ke amfani da su, sannan abu kaɗan ke bugar da su. Ta ce wa'azi mai tsawo ba ya zama a kansa, in gaya masa abu ɗaya, gajere, in maimaita. Ta ce kuma yadda na koya masa roba haka zan koya masa ƙi, wato da yi, ba da baki ba.

Na karɓe shi bisa sharaɗi biyu, kuma duka a kaina suke. Ya dawo tire, kuma ba mai tashi sai ya ƙoshi. Emeka ya yi ƙorafi ya ce, "Oga, wannan mutum yana ci kamar tsohuwa, aiki yana jira." Na ce aikin ya jira. Sannan gam ya fita daga hannunsa har abada. Na rushe zancen lungu, aka koma shafawa a fili inda iska ke kaɗawa, ni da Emeka muna karɓa-karɓa.

Koyon ƙi kuwa abin dariya ne ga mai kallo. Kullum bayan cin abinci sai in ɗauki kwalbar da ba komai a ciki, in canja murya in ce, Injiniya ga naka. Abin da zai ce kalma uku ne: a'a, na gode. Satin farko duk lokacin da na miƙa sai ya karɓa da hannu biyu, don ai Oga ne ya ba shi. Muka sa Emeka ya zama mai miƙawa, muka sa Tanimu, muka sa har direban da ke kai mana kaya. Tanimu da ya fi kowa tsokanarsa shi ya fi kowa naci a kan wannan, har yakan bi shi masallaci da kwalba a aljihu. Sannu a hankali kalmomin suka zauna a bakinsa. Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan bai sake ba. Ya zame sau biyu, duka a lokacin hutun salla da rumfa ke rufe, ya haɗu da tsofaffin abokansa. Duk sau biyun shi ya zo ya faɗa da bakinsa, don bai iya ɓoye abu ba. Daga nan muka daina rufe rumfa fiye da kwana biyu, ko ba aiki sai in buɗe mu zauna.

Bayan kamar shekara guda muka samu aikin wani sabon otal, kujeru arba'in, a kawo kafin Juma'a. Ranar Laraba Emeka ya tafi sayen katako ya maƙale a hanya, Tanimu bai ɗaga kai daga keke ba tun safe, ga manajan otal ɗin ya zo da kansa ya tsaya a kaina yana duba agogo. Soso goma sha biyu na jiran gam, ni kuma almakashi na hannuna. Isyaku ya gama robarsa yana zaune. Wallahi ban yi tunani ba. Na ɗauki gwangwanin na miƙa masa, na ce ya yi maza ya shafa mini waɗannan, yau kaɗai.

Ya kalli gwangwanin, ya kalle ni. Ya mayar da hannayensa baya.

"A'a, na gode, Oga."

Manajan ya ce wane irin ma'aikaci ne wannan da maigidansa zai sa shi aiki ya ƙi. A Zariya da na yi wa maigidana haka, da ranar zan kwashe kayana. Na buɗe baki zan yi tsawa. Sai na ga yadda yake tsaye, yana jira ya ga ko za a sake korarsa, amma bai miƙo hannun ba.

Na ajiye almakashi. Na ce wa manajan wannan shi ne babban ma'aikacina, kuma kujerun otal sai Asabar, in bai iya jira ba ga hanya. Ya yi ta faɗa, ya shiga mota ya tafi, ranar Asabar kuma ya aiko aka ɗauka. Ni na tsuguna a rana na shafa gam ɗin nan har soso na goma sha biyu, kaina na sarawa. Isyaku ya ɗebo ruwa a buta ya kawo mini, ya tsaya daga nesa inda warin ba ya kaiwa, ya ce in na gama in wanke hannu da kyau kafin in sa a tire.